Ƙusa ta Goma Sha Biyu

Ranar da aka kai shanun mahaifinmu kasuwar Mallawa, ni na kora su. Yayana ya ce ba wanda za su bi cikin natsuwa sai ni, kuma gaskiyarsa. Tare da su na tashi. Na san wadda ke harbi in ana tatsa, na san wadda ba ta shan ruwa sai sauran sun koma gefe. Kowacce tana ɗauke da shaidar gidanmu a kunnen hagu: tsaga biyu a miƙe, ɗaya a karkace. Da wannan shaida baba ya taɓa karɓo karsanarsa daga hannun ɓarayi a bayan Guci, bai ko rantse wa kowa ba.

Bayan rasuwar baba ne yaya ya tara mu ya ce zamani ya juya. Gyaɗa ce dukiya, Nasara na sayenta ko buhu nawa aka kawo, kuma mai motar da zai kai ta bakin jirgi a Kano ya fi mai nomanta samu. Shi ya yi shekaru yana tuƙa wa wani attajiri mota a Damagaram, ya san hanya. Ni ban so ba. Amma shi ne babba, inna kuma ta sunkuyar da kai, sai na riƙe bakina.

Abin da garken nan duka ya koma shi ne tsohuwar kamiyo guda, babbar motar kaya mai shan gazuwal, wato man dizal. Kafin ta zo hannunmu ta daɗe tana bin hanyoyin arewa, ba wanda ya san iyakar tafiyar da ta yi. Ta yi mana kaka biyu lafiya. A ta uku, tun kafin ruwa ya ɗauke, sai ta fara tari. Hayaƙinta ya koma shuɗi, tana shan baƙin mai kamar ruwa, in ta tarar da tudun yashi sai kowa ya sauka a tura. Daga baya ma ba ta tashi sai da ƙarti goma a bayanta. Yaya ya ce dole a buɗe injin a sake masa ciki kafin kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya buɗe cinikin gyaɗa. In ciniki ya buɗe tana kwance, masu saye za su ba wasu motoci kayansu, mu kuma ba mu da ƙarfin riƙe ta har wata shekara. Sai dai a sayar wa maƙera su yi fartanya da ita. Ka ga ke nan ba shanu, ba mota.

Mutumin da yaya ya ɗauko don aikin tsohon sojan Faransa ne, a can cikin soja ya koyi gyaran mota. Yana zaune a Magarya, amma ba ɗan ƙasarmu ba ne. Harshensa na mutanen yamma ne, kuma ba wanda ya san ubansa. Kowa Soja yake ce masa. Gajere ne mai furfura a gemu, ba ya doguwar gaisuwa. Ya iso a kan jaki da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Tun a ranar, bayan la'asar a ƙofar masallaci, wani dattijo da ya taɓa zama a Kano ya ja ni gefe.

"Ɗana, ka san halin masu gyaran nan? Za su sa ku sayi sabon ƙarfe. Su wanke tsohon naku da kananzir har ya yi ƙyalli, su mayar muku da shi ciki, su rufe. Sabon kuma ya ƙetare iyaka a aljihu. Wa zai buɗe cikin inji ya duba?"

Maganar nan ta zauna mini a rai. Da yaya ya ce ni zan riƙa zama wurin aikin tunda na fi shi haƙurin zama, sai na ji kamar ya san abin da nake so.

Aka yi rumfa a gindin tsamiyar bayan gidanmu. Aka kafa itatuwan giginya uku, aka ɗaga injin da sarƙa, aka sauke shi a kan katako. Soja ya sa aka yayyafa ruwa a ƙasa, ya shimfiɗa sababbin tabarmi, ya ce ko kaza ba ya so ta taka. Ni na jawo kututture na zauna inda nake ganin hannuwansa duka biyu.

Kwana uku yana kwancewa. Duk abin da ya fitar sai ya wanke da gazuwal ya jera a tabarma, layi shida, domin injin ɗaki shida gare shi, kowane da fistonsa, wato ƙarfen nan mai kama da gwangwani da ke hawa da sauka a ciki. Abin da ya fara tsaya mini shi ne da na ga yana ɗaukar wani ɗan ƙarfe mai tsini da guduma yana buga ɗigo a jikin wasu kayan: wannan ɗaya, wancan biyu, wancan uku.

"Soja, wannan ɗigon fa?"

"Don kowa ya koma ɗakinsa."

"Ƙarfe ya san ɗakinsa?"

"Ya fi ka sani, Dogari. Shekara nawa suna gugar juna. Kai shi ɗakin wani ka ji faɗa."

Daga ranar sunana ya koma Dogari. Da safe sai ya ce, "Dogari, an tashi lafiya? Ba a dai sace tsamiyar ba ko?" Masu wucewa su yi dariya. Ni ban yi ba. A raina na ce mutum ba ya yi wa abu shaida sai yana da niyya a kansa. Ni makiyayi ne, na san abin da shaida take nufi.

Sai kuma ya zo da wata magana. Ya nuna wa yaya cikin ɗakunan injin, duk sun goge sun yi faɗi, ya ce yashi ne ya cinye su. Bututun da injin ke shaƙar iska yana ƙasa kusa da taya, duk abin da taya ta tayar shi yake haɗiya. Ya ce in aka gyara aka bar shi haka, bayan kaka biyu za a dawo gindin tsamiyar nan. Zai ɗaga bututun sama da kan shofer, ya sa masa wata ƴar tukunya da mai a cikinta, iska ta ratsa ta bar yashinta a nan. Kuma akwai mushen wata motar soja a Magarya, tukunyar ruwanta ta fi tamu girma, zai ɗauko ya sa don injin ya daina tafasa a tudu. Yaya ya yi ta gyaɗa kai. Ni abin da na ji kawai shi ne zai cire namu ya sa na mushe. Na tambaye shi ina tamu tukunyar za ta.

Ya ce, "Kai wa matarka ta tuƙa tuwo da ita."

Suka tafi Kano shi da yaya, suka yi kwana biyar, suka dawo da akwatin katako. Kowane ƙarfe a ciki an naɗe shi da takarda mai maiƙo, da rubutu a jiki. A lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba, sai da na zauna ajin yaƙi da jahilci na gane lambobi ne kawai. A idona bambancin sabo da tsoho ƙyalli ne, ƙyalli kuwa dattijon masallaci ya riga ya gaya mini yadda ake samo shi.

Cikin kayan akwai ƙusoshi goma sha biyu masu zare, kowacce ta ɗan fi yatsana tsawo. Soja ya ɗaga guda ya nuna wa yaya, ya ce su ne ke riƙe hannun fisto a jikin ƙashin bayan injin, biyu a kowane ɗaki. Ya ce sun sha yawo a Kano kafin su same su, kuma su ne na ƙarshe a kantin. Na lura da abu uku: ƙanana ne, suna da wuyar samu, suna shiga aljihu.

Washegari suka ɗauki raƙumi za su Magarya ɗauko tukunyar ruwan nan, tafiyar kwana biyu. Soja ya lulluɓe kayan da tabarma, ya danne da duwatsu.

"Dogari, ga dukiyarka nan. Ko ƙuda ne ya sauka ka ɗaure shi sai na dawo."

Da hantsi na je maƙera na ari magagari, na ce lauje zan wasa. Na dawo na zauna a rumfa ni kaɗai, na buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowane sabon ƙarfe na yi masa shaidar gidanmu: biyu a miƙe, ɗaya a karkace. Fistoci na yi musu a gefen gindi, ƴar ƙarama. Ƙusoshin ne suka ba ni wuya, ƙarfensu na da tauri, magagarin sai zamewa yake yi. Sai na gano wani wuri mai santsi a wuyansu, ƙasa da kai kaɗan, inda yake kamawa. Na yi aikin a hankali, yadda ake riƙe kunnen ɗan maraƙi kada a yi masa ɓarna. Na shafe wurin da maiƙo, na mayar da kowacce takardarta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun ranar kasuwar Mallawa, ran nan ne na fara jin motar nan tamu ce.

Saura tsofaffin. Na ce in babu tsoho ai babu abin da za a wanke a mayar. Na kwashe tsofaffin ƙusoshin da wasu ƙananan kaya, na ƙulle su a tsumma mai mai, na kai tsohon makwancin shanunmu da ke gabas da gida. Turken bijimin baba yana nan a kafe ba a tuge ba. A gindinsa na haƙa rami iyakar gwiwar hannu na binne. Na mayar wa maƙeri magagarinsa.

Da suka dawo aiki ya ci gaba, kwana huɗu ba wata magana. Sau ɗaya na ga Soja ya tsaya a kan wani fisto, ya ɓata fuska, ya ɗauki ɗan dutse ya goge gefen gindin. Na ce ga shi nan, ya ga shaida yana share ta. Ban ɗauke ido daga fiston nan ba sai da na ga ya nutse a ɗakinsa.

Ranar ɗaura ƙusoshi, da safe, ya zuba su a kwanon gazuwal ya wanke. Yana da wata ɗabi'a: kafin ya sa kowane ƙarfe sai ya rufe ido ya bi jikinsa da farcen babban yatsa. Ya bi ta farko, ya tsaya. Ya ɗauki ta biyu. Ya ɗauki ta uku. Ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera su duka goma sha biyu. Bai kira ni Dogari ba.

"Kira mini yayanka."

Da yaya ya zo, Soja ya miƙa masa guda. "Mai mota, dubi wuyanta."

Yaya ya duba sama-sama. "Wannan ai karce ne kawai."

"Karce? Ka taɓa ganin igiyar guga da aka yanke wa sili ɗaya? Za ta ɗebo ruwa yau, ta ɗebo gobe. Ranar da guga ya cika yana tsakiyar rijiya, ran nan za ta tsinke. Ƙusar nan in inji ya tashi ana fizgarta fiye da yadda bakinka zai iya ƙirgawa. In ta karye, hannun fisto zai fasa cikin injin ya leƙo waje. Daga nan ba ni ba, ko wanda ya ƙera shi ba zai gyara shi ba."

"Haka suka zo daga kanti?"

"A kanti ni na bi su ɗaya-ɗaya da farcen nan. Wannan yankan magagari ne, sabo ne, dubi farin ƙarfe. Kuma hannu ɗaya ne ya yi su duka."

Ina kan kututturena, na kafa ido a ƙasa.

Yaya ya ce a ɗaura su haka, Allah zai tsare. Soja ya ce shi ba zai ɗaura ba. Yaya ya ce to a koma Kano. Soja ya tuna masa su ne na ƙarshe, wasu sai an aiko daga bakin teku, ciniki ya buɗe ya rufe ba su iso ba. Sannan ya ce, "Kawo tsofaffin. Ban so ba, amma sun fi waɗannan."

Yaya ya je ga buhun da ake tara tsofaffin kaya, ya zazzage shi a ƙasa. Ya tona, ya sake tonawa. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Sababbi sun lalace, tsofaffi sun ɓace. Soja, wa ke da akwati mai kwaɗo biyu a wurin nan?"

Soja ya nufi akwatin. Ya ciro makullai daga wuyansa, ya buɗe akwatin, ya kifar da shi a tabarmar da ya hana kaza takawa. Kayan aikinsa suka warwatsu, har da wata ƴar jakar magani da tsohuwar hular soja.

"Duba."

"Magarya tare muka je," in ji yaya, "amma ba koyaushe nake bayanka ba."

"Na bi Nasara ƙasashen da ba ka san sunansu ba, na kwance motocin da ba ka taɓa gani ba. Ba wanda ya taɓa ce mini ɓarawo sai yau." Sai ya juyo gare ni. "Kai ne mai tsaro. Wa ya zo nan da muka tafi?"

Na ce, "Ban ga kowa ba."

Gaskiya na faɗa, Allah Ya yafe mini irin wannan gaskiya.

Kafin azahar mutane sun cika gindin tsamiya. Wani ya ce aikin wani mai mota ne a Dungas, da ma ba ya son mu a hanya. Wani ya ce a tambayi maƙera, su ke da magagari. Dattijon masallaci ya hango ni ya gyaɗa kai, alamar ai na gaya maka. Maƙerin da ya ara mini magagari yana can gefe, duk sanda na ɗaga kai sai idonmu ya haɗu. A yammacin ranar mai shela ya zaga gari ya ce saura kwana tara a buɗe ciniki.

Abin da ya riƙe mini baki kunya ce. Magidanci ne ni, da mata da ƴaƴa biyu, yaya za a yi in tsaya gaban jama'a in ce ni na lalata abin da aka ba ni tsaro? Amma akwai wani abu kuma, dole in rubuta shi. Har a lokacin ban gama yarda da Soja ba. Na ce wa kaina, wannan ɗan yankan da ko jaririn akuya ba zai yi kuka da shi ba, shi ne zai karya ƙarfe? Wataƙila dabara ce: ya ce sun lalace, a yar da su, shi ya tsince. Na ƙudurta zan sa ido in ga inda ƙusoshin nan za su kwana.

Da safe ya ɗaure akwatinsa a bayan jaki. Injin yana nan a buɗe, rabi a haɗe rabi a tabarma, kuma daga nan har Damagaram ba wanda zai iya gane kansa. Yaya na tsaye ya harɗe hannu. Ni idona na kan farin ƙyallen. Soja ya ɗauki butarsa, ya ɗauki sandarsa, ya tsallake ƙyallen kamar yadda ake tsallake kashin kaza. Ko waiwayarsu bai yi ba. Suna nan goma sha biyu cif.

Na tashi na riƙe igiyar jakin.

"Soja, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na yanka su. Tsofaffin kuma ni na binne."

Yaya ya sunkuya ya ɗauki ƙusa ɗaya, ya juya ta wajen haske, wannan karon ya duba da kyau. Na ga bakinsa na motsi.

"Biyu a miƙe, ɗaya a karkace." Ya zauna a ƙasa daɓas. "Kunnen hagu. Kai, shanu ka mayar da su?"

Soja bai tsaya wannan ba. Ya ja ni gaban injin ya ce, "Ina da ina ka yanka? Kada ka bar ko ɗaya." Na nunnuna masa. Ya riƙa taɓa wasu kayan yana tambaya, "Wannan fa? Wannan fa?" ina cewa a'a. Sai da ya tabbata ɓarnar ta tsaya a ƙusoshi sannan ya sauke numfashi.

"Na ga ɓarayi, na ga mugaye," in ji shi, "amma ban taɓa ganin wanda ya tsaga wa ƙusa kunne ba. Da ka tambaye ni, Dogari, ai da na nuna maka inda ake yi wa ƙarfe shaida ba a kashe shi ba."

Ya ce zai sauke akwatinsa, amma sai in yaya ya janye maganarsa a gaban waɗanda suka ji ta. Bayan azahar yaya ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce kaya sun fito, kuskuren daga cikin gidanmu ne, Soja ba shi da laifi. Bai ambaci sunana ba. Maƙeri dai da muka fito ya matso kusa da ni ya ce, "Lauje ya yi kaifi kuwa?"

Muka tafi makwancin shanu da fartanya. Na haƙa gindin turke. Ruwan ƙarshe da aka yi ya sa ƙasa ta zauna, ƙullin tsumman ya kwance a cikin rami. Na riƙa tsamo su ina miƙa wa Soja yana gogewa. Goma sha ɗaya. Na faɗaɗa ramin. Na aro rariyar inna na tankaɗe ƙasar kamar gari, har rana ta yi sanyi. Goma sha ɗaya dai.

Washegari Soja ya gwada su. Ya jera su a kan madubi ya duba ko akwai wadda ta miƙe ta fi sauran tsawo. Ya rataye kowacce da zare ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya kasa kunne. Duka suka yi ƙara mai kyau. Haka na zauna a kututturena ina kallo aka wanke tsofaffin ƙusoshinmu har suka yi ƙyalli, aka mayar da su cikin injin, sababbi na zube a ƙyalle. Abin da na yi fiye da mako biyu ina tsaro kada ya faru, ga shi ya faru a gabana, kuma ni na jawo shi.

Saura ɗaya. Soja ya bi sababbin da farce ya zaɓi wadda yankanta ya fi rashin zurfi, ita ce ta farko da na yi, lokacin da magagarin ke zamewa. Ya ba ni ɗan dutsensa ya ce in goge, a tsaye ba a gicciye ba. Bayan dutse ya ba ni ƙyalle da toka. Daga azahar har bayan la'asar ina gugar wuyan ƙusa ɗaya. Sau huɗu ina miƙa masa yana rufe ido yana dawo mini da ita. A na biyar ya riƙe.

"Shaidar gidanku ta fita. Amma wannan ban ɗauki alhakinta ba. Ɗaki na huɗu za ta. Riƙe kile, maɗaurin nan, kai za ka ɗaure ta."

Ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka ja tare har ya ce tsaya.

Saura kwana uku a buɗe ciniki aka tura motar a gangaren bayan gari. Ta yi tari sau biyu, ta fitar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Mata suka yi guɗa daga cikin gida. Soja bai yi murmushi ba. Ya ɗauki doguwar sanda ya kafa bakinta a jikin injin, ɗaya bakin a kunnensa, ya bi ɗakunan ɗaya-ɗaya. Da ya zo na huɗu ya daɗe. Sai ya miƙo mini sandar. Na saurara. Na ji bugu a jere kamar mata shida na daka a turmi ɗaya, ban iya rarrabe wace ce tawa ba.

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"Ni ma ban ji ba. Ranar da ka ji, ka buga wa yayanka rufin mota ya kashe ta nan take."

A kakar nan ba tafiyar da aka yi ba da ni ba. Wurina a kan buhuna ne, daidai bayan shofer, kusa da sabon bututun iska, hannuna a kan rufi. Mutane na hira, ni kunnena na ɗaki na huɗu. Ta hau tudun da ke kafin Dungas da cikakken kaya ba wanda ya sauka, ruwanta bai tafasa ba. Sau biyu na buga rufi yaya ya taka birki, sau biyun duka dutse ne ya maƙale a taya. A na biyu ya leƙo ya ce in na ƙara zai bar ni a daji. Bai bar ni ba, ni ma ban daina saurare ba, kaka huɗu a jere. Ƙusar ba ta karye ba har yaya ya sayar da motar bayan Nasara sun tafi. Da rabona na sayi karsana uku, na tsaga musu kunne da hannuna.

Makwancin shanun nan yanzu gonata ce, gero na yin kyau a wurin. Duk shekara in ina noma fartanya ta bugi wani abu mai ƙara, sai na sunkuya na duba. Ban taɓa samun ƙusar da ta ɓace ba. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da muke tono ƙusoshin, akwai lokacin da na juya baya zan ɗauki rariya, da na waiwayo na ga Soja yana miƙewa daga sunkuyo, hannunsa na fitowa daga aljihu. Wataƙila taba ya ciro. Wataƙila kuma ya ga in na samu goma sha biyun duka, abin ya yi mini sauƙi da yawa. Ba ni da shaida, ya kuma daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Amma na tankaɗe ƙasar nan da rariya, kuma ƙusa ba ta ratsa rariya.